Dabinon da Ya Tare Rana

A Ummu Tarfa babu mai buƙatar a gaya masa an yi rana. Duk da haka gwamnati ta ajiye mutum guda tana biyansa don ya riƙa auna ta, kuma mutumin, Tuhami, wanda ake kira Si Tuhami don girmamawa, ya ɗauki aikin da zafi kamar shi aka danƙa wa amanar fitowarta da faɗuwarta.

Tashar auna yanayin ɗaki ɗaya ce a bakin gari, daidai inda gonakin dabino suka ƙare, daga nan sai farin gishiri iya ganin ido. A saman rufin akwai ƙwallon gilashi mai girman babban lemo, a zaune cikin wani kwanon ƙarfe. Kullum bayan magariba Tuhami zai hau tsani ya zura siririn kwali a bayan ƙwallon. In gari ya waye, ƙwallon ya tattara hasken rana wuri guda ya riƙa ƙona kwalin, ƙunar tana tafiya sannu a hankali tun safe har yamma. In girgije ya gifta, ƙunar ta yanke. Tsawon ƙunar shi ne tsawon ranar da aka yi. Tun zamanin Faransawa ƙwallon yake a wurin, ba a taɓa gusa shi ko da kamu ɗaya ba, kuma Tuhami ya fi shekara talatin yana canja masa kwali.

Sau ɗaya kawai yake hawa rufin a yini, in rana ta faɗi. A watannin zafi babu mai hankalin da zai taɓa tsanin ƙarfen nan tsakanin azahar da magariba, don sai ya bar fatar tafin hannunsa a jiki. Lokacin nan gari kan mutu murus, kowa na kwance a ɗaki, in an yi la'asar kuma Tuhami ya wuce gidan shayin Midani ya jira faɗuwar rana.

Midani abokinsa ne tun suna yara, kuma bai taɓa barinsa ya sha shayi cikin kwanciyar hankali ba.

"Ku matsa, ku matsa, mai gadin rana ya iso! Si Tuhami, jiya nawa ta ci a kwalin naka?"

"Ba ta kai ta bara ba."

"Kun ji ko? Ba ta kai ta bara ba. To ni ƙeyata ba ta samu wannan labarin ba, don jiya har ƙwai na soya a kanta."

"Ƙeyarka ba ta da gashi ne, ba laifin rana ba ne."

Ana dariya, amma ana kasa kunne, don Tuhami ba zolaya yake yi ba. Shekara goma sha wani abu ke nan da ya lura wutsiyar ƙunar tana guntulewa a watannin zafi. Da farko 'yan mintoci ne, daga baya abin ya yi ta ƙaruwa, kowace shekara rana tana tashi daga aiki da wuri fiye da bara. Ya auna, ya sake aunawa, ya tara jimillar kowace shekara ya kwatanta, babu kuskure. Sai ya yanke wa kansa cewa wani hazo ne mai laima yake tasowa daga yamma, irin wanda ido ba ya gani amma gilashi yana ji. Rana tana sassautawa ke nan, kuma bayan sassauci sai ruwa, kamar zamanin mahaifinsa lokacin da idon ruwan gari yake gudu har yara suna iyo a ciki.

Garin kuwa yana ta mutuwa a gabansa. Idon ruwan ya ƙafe tun tuni. Rijiyar burtsatsen da ta maye gurbinsa ruwan zartsi take bayarwa, shi ma sai an bi layi, gona ta samu sau ɗaya ta yi makonni tana jira. Dabino ya koma bushewa a kan nono tun bai nuna ba, ka ɓare shi ka ji kamar kana tauna ƙirgi. Duk layin da ka bi sai ka ga ƙofofi da kwaɗo, masu su sun tafi bakin teku neman abinci. Wanda ya rage a garin, ko dai tsoho ne, ko kuma yana ɗaure kaya.

Lazhar, ɗan Tuhami namiji tilo, yana cikin masu ɗaure kayan. Surukinsa ya samar masa aiki a wata masana'antar man zaitun a Sfax, birnin bakin teku, har da ɗaki biyu da zai zauna da matarsa Najat da 'yan matansu biyu. Kaka uku ke nan Tuhami yana riƙe shi, kuma ba da komai yake riƙe shi ba sai da kwalayen nan.

"Baba, kwali ba ya shayar da dabino," in ji Lazhar wata rana suna cin kuskus.

"Kwali kuma ba ya ƙarya. Ni na rubuta? Rana ce take sa hannu da kanta. Ka ƙara haƙuri kaɗan, ka dasa 'ya'yan dabinon nan da ka ajiye. Kafin su fara haihuwa ruwa ya dawo."

"Haka ka ce bara."

"Kuma bana ta fi bara raguwa. Ƙarya na yi?"

Galiya, matar Tuhami, ta tura musu kwanon ta ce, "Ku ci abinci don Allah. Kullum rana, rana, kamar ita za ta wanke mini kwanuka."

Tsoron Tuhami a fili yake, ko da yake bai taɓa furta shi ba. In Lazhar ya tafi, gonar da suka gada kaka da kakanni ta tafi, gidan ya zama na tsofaffi biyu masu jiran wanda zai riga wani. Yakan kalli jikokinsa suna wasa a tsakar gida sai ya kau da kai.

Ana cikin haka aka bugo waya daga babban birni cewa wata mai bincike, Dakta Shadliya, za ta zo musamman saboda alƙaluman Ummu Tarfa. Tuhami ya kasa zama ya kasa tsaye don murna. Ya share tasha, ya goge ƙwallon har sau biyu, ya sa Galiya ta goge masa farar rigarsa ta Juma'a. Lazhar ya dube shi ya daɗe, sannan ya ce, "Shi ke nan, Baba. In matar nan ta ce maganarka haka take, zan dasa, zan kira Sfax in ce su ba wani. In ta ce ba haka ba ne, ka sake ni in tafi, kada ka ƙara ce mini in jira."

"Na yarda," in ji Tuhami, ko ɗar bai ji ba.

Ta iso da hantsi a wata mota mai ƙura, mace 'yar siririya mai gilashin ido, ba ta girmi Lazhar da yawa ba. Tuhami ya shimfiɗa mata tabarma a ƙofar tasha, a inuwar dabinon da ke yamma da ɗakin. Wannan dabinon shi ne abin alfaharinsa na biyu bayan ƙwallon. Shi ya dasa shi da hannunsa shekarar da ya kama aiki, ɗan dashe ne daga gonar mahaifin Galiya, don ya samu inuwar zama. Ruwan alwalarsa da na ɗaurayar kofin shayi duk a gindinsa suke ƙarewa, shi ya sa duk garin babu mai kyansa. Ya yi tsawo ya wuce rufin, zarɓarsa koriya shar, nonuwansa sun yi nauyi, a lokacin da na gonaki suka zama kamar tsofaffin tsintsiya.

Ya kawo mata dabinon bara a faranti. "Ci ki ji, 'yata. Na wannan ne da kike zaune a ƙarƙashinsa."

Ta ɗaga kai ta kalli itacen, ta kalli rufin, ta sake kallon itacen. Ta ci ƙwaya ɗaya ta ce yana da daɗi, amma fara'arta ta ragu.

Sai ta buɗe kwamfutarta ta nuna masa aikinta. Ta tattara jimillar hasken rana na duk tashoshin kudu, da na maƙwabta ta gabas da ta yamma, na shekaru masu yawa, kowace tasha da layinta. Layukan duk a miƙe suke, wasu ma suna ɗan hawa. Guda ɗaya ne kawai ya karkata yana gangarowa ƙasa.

"Wannan naku ne, Ammi Tuhami," in ji ta, tana kiransa Ammi, wato baffa.

Midani, wanda ya rufe shago ya biyo su don kada a ba shi labari, ya tafa hannu. "Allahu akbar! Duk duniya rana tana gasa mutane, mu kaɗai take jin kunya."

"Yi mana shiru, ana maganar ilimi," in ji Tuhami, bakinsa har kunne.

Ta nemi ya fito mata da kwalayen. Ya jawo akwatunan, kowane da shekararsa, babu ranar da ta ɓata. Ta yaba masa ƙwarai, ta ce ta zagaya tashoshi da yawa ba ta ga inda aka adana kaya haka ba. Ta jera na watannin sanyi, ƙunarsu cikakkiya. Ta jera na watannin zafi, duk wutsiyarsu a guntule. Daga nan ta ce tana so ta hau rufin bayan la'asar.

"Bayan la'asar? 'Yata, ko ƙadangare ba ya hawa wurin nan a lokacin. Ki bari a yi magariba."

"Da magariba abin da nake son gani ya wuce, Ammi."

Ya yi ta lallashi, ta ƙi. Da lokacin ya yi ta jiƙa tsumma ta naɗe hannuwanta ta kama tsani. Kunya ba za ta bar shi ya tsaya a ƙasa baƙuwa mace tana sama ba, shi ma ya naɗe nasa ya bi ta. Zafin rufin yana ratsa takalmi. Rabonsa da tsayawa a wurin nan a irin wannan lokaci, shi kansa ba zai iya tunawa ba.

Suka tsaya a kan ƙwallon. A jikin kwalin akwai ɗan ɗigon haske mai kashe ido, siririn hayaƙi yana tashi daga gare shi. Sama tas take, babu girgije ko kamar ƙyalle, babu hazo, babu komai. Tuhami ya buɗe baki zai yi mata bayanin hazon da ido ba ya gani, sai ta nuna masa ƙasa da yatsa. Wata inuwa mai yatsu-yatsu tana rarrafowa a kan simintin daga yamma. Ta zo gindin ƙarfen, ta hau, ta lulluɓe gilashin. Ɗigon hasken ya dushe, ya ɗan farfaɗo da iska ta kaɗa, sannan ya mutu. Hayaƙin ya tsaya.

Ya juya a hankali. Rana tana nan daram, da sauran tafiya mai yawa a gabanta, sai dai ta shiga bayan kan dabinonsa.

"Yau ne kawai," ya ce. Muryar da ta fito ba irin tasa ba ce. "Iska ce ta karkato da zarɓar."

Ba ta yi masa musu ba. Ta bar shi ya tsaya ya yi lissafin da kansa, kuma lissafin ba mai wuya ba ne. Shekarar da kan itacen ya leƙo saman rufin ita ce shekarar da wutsiyar ƙuna ta fara guntulewa. Kowace shekara itacen yana ƙara tsawo da faɗi, yana ƙara cin yammacin kwalin. Da sanyi rana takan faɗi ta wani gefe, ba ta bi ta bayansa. Da hannunsa ya riƙa zuba wa abin ruwa, sau biyar a yini.

Suka sauko suka zauna a inuwar, don babu wata. Midani ya dubi fuskar abokinsa, ya tashi ya tafi.

"To in babu itacen fa?" Tuhami ya tambaya.

"Daidai kuke da maƙwabtanku. Ba ta ragu ba, Ammi. Zafin ma ƙaruwa yake yi, dare ya daina hucewa kamar da, ruwan ƙasa kuma yana ƙara nisa."

"Duk faɗin ƙasar nan, babu ko wuri ɗaya da ta sassauta?"

"Ku kaɗai ne wurin. Shi ya sa na zo da ƙafata." Ta cire gilashinta ta goge. "Wallahi ni ma na so ya zama gaskiya. Tun daga gida nake addu'a in iske babu komai a yammacin ɗakin nan."

Ta ce kwalayen watannin zafi na shekarun nan sai dai a jingine su gefe, a cike gurbin da ƙiyasi daga tashoshin kusa. Ta ce ana iya matsar da ƙwallon wani wuri, amma in an yi haka lissafi sabo za a fara, ba za a haɗa shi da na zamanin Faransawa kai tsaye ba. Ba ta ce a sare itacen ba, ba ta ma kalle shi ba lokacin da take magana.

"Ina da ɗa," in ji Tuhami. "Yana jiran abin da za ki ce."

"Ba zan je nemansa ba, Ammi. Amma in ya tambaye ni, abin da ka gani shi zan faɗa masa."

Bai roƙe ta ba. Ya cika mata leda da dabino, ya raka ta mota, ya yi mata addu'ar sauka lafiya. A gida Lazhar ya tare shi a ƙofa ya ce, "Baba, me ta ce?" Tuhami ya ce, "Gobe," ya wuce ɗaki, abincin ma bai taɓa ba. Kunya ce ta fi damunsa, ta fi baƙin cikin. Shekara uku ya cinye wa yaron nan, ya hana shi neman abincin 'ya'yansa, a kan inuwar itace.

Da aka idar da sallar asuba ya ɗauki lauje da igiya da tulu ya nufi tasha. Galiya ta ga tulun, ta yafa mayafi ta bi shi da sauri, don ta san abin da ake yi da tulu a gindin dabino. In aka sare zarɓa duka aka fafe kan itacen, wani ruwa mai zaƙi yakan tsattsafo, lagmi, a tara shi a tulu a sha da sanyin safiya kafin rana ta tsamar da shi. A Ummu Tarfa ba a yi wa dabino haka sai an fid da rai da shi, don ba ya tashi. Wanda ya ga tulu a rataye a kan dabinon wani ba ya tambaya, sai dai ya ce Allah ya mayar da alheri.

"Kai, mutumin nan, ka haukace ne?" Ta riƙe igiyar. "Guda ɗayan da ya rage mai haihuwa? Na gonar babana? Me ya yi maka?"

"Ƙarya ya yi mini."

"Inuwa ya yi maka! Kai ka dasa shi don inuwa, ya ba ka. Ka ɗauke ƙwallon banzan nan ka kai shi wani wuri mana."

"Ƙwallon ba ya matsawa. Ya riga ni zuwa, kuma shi bai taɓa cuta ta ba."

Ya zare igiyar daga hannunta, ya tuɓe takalmi, ya ɗaura ta a ƙugu ya fara hawa. Shekarunsa sun haura sittin, amma ya kai. Zarɓa ta farko ta faɗo, ta biyu ta biyo ta. Da ya kai ga nonuwan, ɗanyu shar ko launi ba su fara ba, sai da ya dakata kafin ya sa lauje. Galiya ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da mayafi.

Ƙarar faɗuwar ce ta kira Lazhar. Ya tsaya ya kalli zarɓar da ke zube, ya kalli tulun, ya ɗaga kai ya ga ƙwallon yana ƙyalli a saman rufi daidai saitin itacen. Manomin dabino ne, ya san tafiyar inuwa. Babu wanda ya yi masa bayani, bai kuma nema ba.

"Sauko, Baba," ya ce. "Numfashinka har nan nake ji. Sauko in ƙarasa."

Tuhami ya sauko. Ya miƙa masa laujen, ya ce, "Ka kira Sfax."

"Zan kira."

"Ka yafe mini shekarun nan."

"Haba Baba. Riƙe mini tulun, in na kai sama ka miƙo."

Lazhar ya ƙarasa saran, ya fafe kan itacen da kyau yadda kakansa ya koya masa, ya yanka 'yar hanya inda ruwan zai bi, ya rataye tulun. Kafin hantsi mutanen gari sun fara wucewa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ɗaga kai, ya ce Allah ya mayar da alheri, ya wuce. Ba Tuhami kaɗai suke yi wa jajen ba. Da yawansu sun yi ta yi masa dariya a gidan shayi, amma a ɓoye da maganarsa suke kwana.

Bayan mako guda motar kaya ta tsaya a ƙofar gida da sassafe. Aka loda katifu da tukwane da keken ɗinkin Najat. 'Ya'yan dabinon da Lazhar ya ajiye don dashe aka bar su jingine da bango, babu wanda ya yi maganarsu. Tuhami ya kawo tulun lagmi na safiyar, ya zuba wa kowa a kofi. Ƙaramar jikar ta shanye nata ta miƙo kofin ta ce, "Kaka, daɗi! Me ya sa ba ka taɓa ba mu ba?" Ya ƙara mata. Galiya ta ƙi sha.

Motar ta tashi, suka tsaya har ƙurarta ta kwanta.

Da magariba ya hau tsani kamar kullum. Yammacin rufin fayau yake, sai gungumen itacen da tulu a wuyansa. Ya zaro kwalin ya ɗaga shi a sauran hasken da ya rage. Ƙunar ta tashi daga wannan baki ta kai wancan, baƙa ƙirin, babu inda ta yanke. Ya zura sabo, ya goge gilashin da hannun riga, ya sauko.

Gidan shayin mutum uku ne a ciki. Midani ya zuba masa, ya ajiye kofin a gabansa, ya daɗe yana goge teburin da ba shi da datti. Can ya ce, a hankali, ba irin yadda ya saba ba, "Si Tuhami, yau nawa ta ci?"

"Duka," in ji Tuhami. "Ta ci duka."

Midani ya gyaɗa kai, ya koma wajen butarsa.